Bidel ɗin Baba Otti

Ottiwell Raw sunansa, amma a kwarinmu na Skelgarth babu mai kiransa haka sai limamin coci. Mu Otti muke ce masa, yara kuma Baba Otti. Ya girme ni sosai. Ran da na fara zuwa ramin darma neman aiki, shi ya tare ni a bakin rami, ya ce ba zan taɓa diga ba sai na yi futel. Na ce mene ne kuma futel? Ya ce giyar ƙafa ke nan, duk wanda ya sa ƙafa a wurin aiki karon farko shi ke shayar da waɗanda ya tarar. Ni kuwa ba ni da abin saye. Da yamma ya saya da kansa, ya ce wa mutane ni Simeon ne na saya, su sha su gode mini. Tun daga ranar nake bin bayansa.

A wancan zamani giyarmu ta sha'ir, wadda mata ke dafawa a gida, el muke kiranta, kuma kowane zama da za a yi a kanta da sunansa. Na aure daban, na ranar askin tumaki daban. Wanda ake yi in an yi mutuwa, kafin a ɗauki gawa, shi ne arbal: gidan mamaci ne ke ba da giya da burodi, mai zuwa ba ya kawo komai sai kafaɗarsa ta ɗaukar makara. Duk waɗannan ba a zuwa sai an gayyaci mutum, kuma mai gayya ɗaya ne a kwarin. Uban Otti ne a da, da ya mutu ya bar masa sandar.

Sanda ce ta icce baƙi, kanta ya yi sumul don riƙo. Da ita ake buga ƙofa, ba da hannu ba. In mutuwa ce a ɗaura mata baƙin ƙyalle, in aure ne fari. Mai gayya ba ya tsallake dokin ƙofa, ba ya jiran amsa. Ya faɗi abin da aka aiko shi, ya juya. Otti mutum ne mai surutu da tsokana, amma in ya ɗauki sandar nan sai ka ce wani ne daban. Ko ruwa ka miƙa masa ba zai karɓa ba.

Akwai zama guda da ake fita gayyarsa da sanda tsirara, ba ƙyalle, shi ne bidel. In mutumin kirki ya faɗi, ba don lalaci ba, saniyarsa ta mutu ko gobara ta cinye rumbunsa, sai ya sa a dafa giya a gayyato maƙwabta su zo su sha. A ɗan zauren ƙofa ana barin akwatin gari a buɗe, ba kowa a wurin. Mai shigowa ya sauke abin da ya ɗauko kafin ya shiga ɗaki: gari, cuku, kyandir, naman alade mai gishiri. Busasshiyar ƙasar fadama da muke ƙonawa a murhu kuwa a jibge ta bayan gida ba a faɗa ba. A ciki ba a zancen abin ko da wasa. Mai gida shi ne mai bayarwa a ranar, shi ake yi wa godiya. In an watse ya fito ya tarar da abin da zai kai shi bazara, bai san wa ya kawo me ba, kuma gobe in sun haɗu a hanya ba mai sunkuyar da kai. Ni kaina sau ɗaya na ga an yi, ina ƙarami.

Daga baya ramukan darma suka rufe. Mutane suka watse zuwa garuruwan masaƙa, gidaje suka zama kango, gonakin da aka bari baƙi suka zo suka karɓa haya. Cikin waɗanda suka rage, da yawa sun koma ƙaramar majami'a, suka yi alkawarin daina shan giya. Aure ya koma gayyata da takarda. Sai ya zama Otti ba ya ɗaukar sanda sai don mutuwa. Yara in sun hango shi da ita, gudu suke yi gida su ce an yi rashi.

Matarsa Dinah ta riga shi da daɗewa. Ɗansu ɗaya, Kit, ya tafi babban yaƙi bai dawo ba. Ba a yi masa arbal ba, don arbal ba a yin sa sai da gawa a ɗaki. Otti bai taɓa yi mini zancen ba. Ya zauna shi kaɗai a gidansu da ke can ƙarshen kwari, inda hanya ke ƙarewa, da saniya ɗaya da 'yan kaji, da tarin da ramin darma ya bar masa a ƙirji.

Shekarar da nake ba da labari, ruwa ya yi ta zuba har ciyawar da ya yanka ta ruɓe a fili. Kafin kaka ta fita saniyar ta faɗa wani tsohon rami da ƙaya ta rufe. Bai iya hawa tudu ya yanko ƙasar murhu ba saboda numfashi. Sai ga jami'in da ke kula da gajiyayyu ya zo daga gari. Mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya leƙa akwatin gari, ya leƙa bayan gida, ya ce zai dawo kafin Kirsimeti. In ya tarar babu abin ci da abin wuta na hunturu, dole ya tafi da shi gidan gajiyayyu, don ba za a bar tsoho ya daskare a kan tudu ba. Kowa ya san gidan nan. Ana karɓe kayan jikinka a ba ka irin na kowa, kuma tsohon da ya shiga ba ya fitowa da ƙafarsa.

Tamar ce ta fara kawo maganar bidel. Ƙanwar Dinah ce, gwauruwa, tana zaune a ɗaki guda gidan ɗanta, kuma a kwarin ita kaɗai ta rage da ta iya dafa el. Ita da Otti ba sa haɗuwa ba su yi faɗa ba. Ranar ina gidan, ina gyara masa hannun ƙofa, ta shigo ta tsaya a kansa.

"Kai dai zauna nan kamar tsohon zakara da ruwa ya doka," in ji ta. "Ka gayyato wa kowa, kai ba za a gayyato maka ba?"

"Wa zai sha giyarki, Tamar? Wadda kika dafa ta ƙarshe ita ta ƙarasa mijinki."

"Shi dai ya mutu da ɗumi a cikinsa. Kai fa?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce ko da zai yarda, mai gayya ba ya gayyatar wa kansa, wannan roƙo ne. Dole wani baki ya faɗa. Sai duk suka juyo suka dube ni. Na ce ni ba mai magana ba ne, sun sani. Otti ya ce ai shi ya sa, aikin ba ya son mai magana, shi ma da ƙyar ya koya.

Agogon bangon da Dinah ta zo da shi gidan aure ya ba mai niƙa, aka ba shi tsiron sha'ir. Tamar ta kwashe kwanaki tana hawa tudun tana dafawa a tukunyar wanki. Ni kuma ya zaunar da ni ya koya mini kalmomin, irin na ubansa, na tsofaffi, waɗanda ba a ƙara furta su a kasuwa. Ma'anarsu dai: ana gayyatarku bidel gidan Ottiwell Raw gobe da tsakar rana, ku zo da ƙishirwarku. Ya sa na yi masa alkawari ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba, ba zan shiga ba, ba zan tsaya ba.

Na ce, "In sun tambaye ni fa?"

Ya ce, "Bayanka za su tambaya, Sim. Bayanka kuwa ya fi ka iya shiru."

Ranar gayya na fita tun safe da sandar tsirara. Gonakinmu a warwatse suke, daga wannan ƙofa zuwa waccan sai ka tsallake katangun dutse da rafi. Na buga, na faɗa, na juya, kamar yadda aka koya mini. A gida na farko maigidan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. A wani gidan wata matashiyar mata, cikin baƙin da suka zo haya, ta kai ƙyallen girkinta ga ido tun ban gama ba. Na ji daɗi a raina, na ce ashe har yanzu akwai tausayi a kwarin nan. Tsohuwa Keziah Harker, wadda ta kurumce tun tuni, ba ta dubi bakina ba, sandar ta duba, daga sama har ƙasa, ta gyaɗa kai ta rufe ƙofa. Na dawo na gaya wa Otti an karɓi gayya da kyau.

Washegari Tamar ta gasa burodi da ragowar garin da ke akwatin, ta share akwatin tas, ta bar shi a buɗe a zaure. Otti ya yi aski, ya sa rigarsa ta coci, ya zauna kusa da gangar giya. Rana ta kusa tsaka ya ce in leƙa taga. Na leƙa, na ga mutane sun jero suna hawowa, da yawa, fiye da yadda muka zata. Na ce masa ga su nan, kuma sun yi ado. Tamar ta ture ni ta leƙa. Ta ce a hankali, "Duk baƙi suka sa."

Wanda ya fara isowa Jossy Milner ne, mai haƙa kabari. Tun daga waje muke jin mitarsa, wai wane irin aiki ne wannan, a yi gayyar mutuwa ba a gaya wa mai haƙa inda zai haƙa ba, kusa da matar ne ko ina, ga ƙasa ta fara tauri, shi ba tsuntsu ba ne da zai yi ta caka. Ya shigo yana kakkaɓe hula, ya ɗaga kai, ya ga Otti zaune da kofi a hannu.

Ya ja da baya har ya taka wanda ke binsa. "Otti, kai ne?"

"Ni ne, Jossy. Ka kawo ma'aunin?"

"Tsohon banza, ka sa na kwana ina wasa shebur."

"Ajiye shi, ba zai yi tsatsa ba."

Labari ya bi layi har ƙasa, daga wannan baki zuwa wancan. Aka yi ta dariya, wasu matan suna dariya suna share hawayen da suka taho da shi. Sun ji bugun sanda, sun ji sunansa, sauran kalmomin ba su taɓa jin su ba, suka ɗauka irin maganar mutuwa ce ta tsofaffi. Babu wanda ya lura ba ƙyalle. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, hannu wofi, kamar yadda ake zuwa arbal. Wani saurayi ya rufe murfin akwatin ya zauna a kai yana goge taɓon takalminsa. Bayan nan aka yi ta jibga manyan riguna a kansa.

Na dubi Otti. Ya ga abin da na gani, don daga kujerarsa ana hango zauren. Fuskarsa ba ta sauya ba. Ya ce wa Tamar ta zuba wa kowa, masu alkawarin daina giya kuma ta dafa musu shayi.

Ana cikin sha, matashiyar nan da ta yi kuka a ƙofa ta matso ta ce, "Baba Otti, to wai mene ne bidel ɗin?"

Kowa ya juyo yana son ji. Na buɗe baki. Hannunsa ya sauko kan nawa ya danne, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba.

"Shan giya ne, 'yata," in ji shi. "Tsoho ya ga ya daɗe bai ga maƙwabta ba, ya kira su. Sha, kada ta huce."

Tamar ta juya baya tana gyara wutar da ba ta bukatar gyara.

Gaskiya an yi zama mai daɗi, na daɗe ban ga irinsa ba. Jossy ya yi ta ba da labarin mutanen da ya binne da abin da suka ce kafin su tafi, rabi ƙarya. Aka yi waƙoƙin ramin darma, har masu shayi suka karɓa. Otti ya tsokani kowa da sunan kakansa. Wani ya ce ai wannan ya fi arbal, tunda mamacin yana zuba wa mutane da kansa, ya kamata a riƙa yin haka. Suka cinye burodin, suka ƙarar da gangar. Rana ta yi sanyi suka tashi, don akwai tatsar shanu. Kowa ya riƙe hannunsa ya gode masa, ya ce Allah ya maimaita. Shi kuma yana tsaye a ƙofa, yana cewa su gaida gida.

Da suka sauka Tamar ta ɗaga murfin akwatin. Cuku ɗaya ne a ciki, nannaɗe da tsumma. Sai a lokacin na tuna Keziah ce kaɗai ta zo da mayafinta na kullum, da kwando a hannu, ta riga saurayin nan shigowa. Ta zauna a lungu duk yinin, ba ta jin abin da ake wa dariya.

Washegari na hau da safe na ce masa zan sake zagayawa, ba da sanda ba, in yi musu bayani da bakina. Mutanen kirki ne, rashin sani ne kawai, kafin yamma akwatin zai cika. Tamar ta goyi bayana, ta ce masa girman kai ne zai kashe shi, ba tari ba. Ya bar mu muka gama.

Ya ce, "In ka yi musu bayani ya zama sadaka, Sim. Za su kawo, na sani. Su kawo suna kallona, ni ina kallonsu. Duk ran da na haɗu da mutum in tuna buhunsa. Gidan gajiyayyu ma sadaka ce, amma can ba wanda ya san uwata."

Na ce to ya dawo gidanmu. Ya san yadda gidanmu yake, ni ma a hannun surukina nake ci, jikoki suna kwana har a ƙarƙashin tebur. Ya ce in bar shi da wannan wasa. Ya sa mu duka biyu muka rantse ba za mu faɗa wa kowa ba. Tamar ta rantse tana zaginsa.

Jami'in ya dawo kamar yadda ya ce, ranar da ƙanƙara ta fara sauka. Ya leƙa inda ya leƙa a da. Otti ya riga ya ɗaure kayansa. Ya ba Tamar kajin, ya ce ni in riƙe sandar tunda ba mai so. Na raka keken dokin da ya tafi da shi har gada.

Bayan Kirsimeti Jossy ya je gyara wa Keziah rufin ɗaki. Ta tambaye shi da ƙarfi, irin na kurame, shi me ya sa a akwatin bidel ɗin Otti, don ita cuku kawai ta samu. Ya ce sa me? A ina? Ta gaya masa duka. Kafin Lahadi kwarin ya ji. Maza suka haɗa keken shanu suka kai ƙasar murhu da buhunan gari gidan da ba kowa, suka jibge a ƙofa, suka aike ni gari in ce masa ya dawo.

Na same shi a wani dogon ɗaki mai gadaje jere, sanye da riga mai launin toka wadda ta yi masa yawa. An aske masa gemu. Ba ya iya tashi zaune sai an tallafe shi. Na gaya masa abin da ke ƙofarsa. Ya tambaya wa ya faɗa musu, na ce Keziah, ba ni ba, ba Tamar ba. Sannan ya tambaya yaya suka kai. Na ce da keke, da rana, su da yawa, kowa da buhunsa a kafaɗa.

Ya ce, "Ba su iya ba." Ba da fushi ya faɗa ba. Ya ce in gode musu, in ce likita bai yarda a motsa shi ba, wanda kuma gaskiya ne. A raba kayan, a kai wa Keziah kaso mai yawa.

Na zauna har aka kaɗa ƙararrawar fitar baƙi. Ina tashi ya riƙe mini hannun riga.

"In lokacin ya zo kada ka zagaya musu. Sun hau tudun nan sau ɗaya da baƙaƙen kaya, sun sha, sun yi kuka, ni kuma na gani da idona. Ba kowa ke samun haka ba. Kada a wahalar da su sau biyu."

Ya mutu kafin tumaki su fara haihuwa, aka binne shi can garin. Ban zagaya ba. A coci mutane suka ji, ranar Lahadi, daga bakin liman. Wasu sun ji haushina, har akwai wanda ya daina gaishe ni na wani lokaci. Na ce musu haka ya ce a yi.